Yadda Ake Tuƙa Keken Tsere a Hanyoyin Karkara Masu Tudu da Gangara

Mai keken da ya gaji da hayaƙin manyan motoci da hon ɗin direbobi, babu abin da yake marmari kamar 'yar siririyar kwalta da ta ratsa gonaki da duwatsu, wadda zai shafe rabin awa a kanta bai gamu da mota ko ɗaya ba. Irin wannan hanya ita ce ta fi dacewa da keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Sai dai shirun nan da ke jan hankalinka shi ne kuma abin da ya kamata ka yi wa tanadi. Inda motoci ba sa bi, galibi babu mai faci, babu wurin samun ruwa, wani wurin ma wayarka ba za ta ga sabis ba. Ga kuma tudu, wanda ba ya raga wa duk wanda ya shige shi da garaje. Wanda ya dawo gida da fara'a daga irin wannan tafiya ba lallai ne ya fi kowa ƙarfin ƙafa ba. Yawanci shi ne wanda ya san inda zai kashe ƙarfinsa da inda zai adana shi.

Fara da taswira

Kwana ɗaya ko biyu kafin fita, zauna ka zana hanyar. Manhajoji irin su Komoot da Strava da Ride with GPS suna ba ka damar jan layi a kan taswira, su kuma su faɗa maka tsawon hanyar da jimillar hawan da ke cikinta. Strava tana da wata taswira da ke haska hanyoyin da masu keke suka fi bi, kuma hanyar da masu keke suka yi yawa a kanta da wuya a rasa dalili. Amma kada ka sallama wa manhaja komai. Takan jefa mutum kan hanyar tsakuwa ko ta ƙasa wadda siririyar taya ba za ta ji daɗinta ba. Buɗe hoton tauraron ɗan adam a Google Maps ka bi hanyar da ido, ka ga ko kwalta ce tun daga farko har ƙarshe.

Ana gane hanya mai shiru da alamu kaɗan. Ba ita ce mafi gajarta tsakanin manyan garuruwa biyu ba. Sau da yawa akwai babban titi a kusa da ita da ya kwashe motocin. Tana da kwana da yawa, don direban da ke sauri ba ya son kwana. Abin da taswira ba za ta faɗa maka ba shi ne lokaci: hanyar da ta yi tsit da hantsi tana iya cika da masu yanke ta da safe da yamma, wadda ta nufi wurin fasa dutse kuwa tana iya zama ta manyan motoci a ranakun aiki. Idan ka sami wanda ya saba bin wurin, tambaye shi.

Lamba biyu za ka duba, ba ɗaya ba. Mutane sukan ce "kilomita 60 ne kawai", su manta da hawan. Raba jimillar hawan da tsawon hanyar. Idan ka sami kusan mita 10 na hawa a kowace kilomita, wato mita 600 a kilomita 60, to hanya ce mai tudu sosai ga wanda bai saba ba. Don ka ga girman abin, tseren maza na gasar duniya da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2025 ya kai kilomita 267 da hawan da ya haura mita 5,000, wato kusan mita 20 a kowace kilomita, kuma ƙwararru da yawa ba su kai ƙarshensa ba.

Sai tsananin tudun kansa, wanda ake aunawa da kashi cikin 100. Idan hanya ta ɗaga mita 5 a cikin tafiyar mita 100, tudun kashi 5 ke nan. Kashi 3 zuwa 4 za ka ji shi a ƙafa amma za ka iya hira. Kashi 6 zuwa 8 aiki ne na gaske. Daga kashi 10 zuwa sama, sai da giya mai sauƙi ƙwarai. Shahararren tudun Alpe d'Huez da ake hawa a tseren Tour de France a Faransa yana da tsawon kusan kilomita 14 da kwana 21, matsakaicin tsananinsa kuwa kusan kashi 8 ne. Kula da kalmar matsakaici: tudun da aka rubuta wa kashi 5 yana iya ɓoye wani guntu na kashi 13 a tsakiyarsa. Shi ya sa ya kamata ka ja yatsa a kan zanen hawa da saukan da manhajar ta nuna, ka ga inda ya yi tsaye.

Wajen tsara hanyar, sa manyan tuddai a rabin farko, lokacin da ƙafa ke da sauran kuzari. Duba hasashen yanayi, ka fita kana fuskantar iska don ta turo ka a dawowa. Nemi aƙalla mahaɗa ɗaya da za ka iya yanke tafiyar ka koma gida in jiki ya ƙi. Ajiye taswirar a cikin waya yadda za ta buɗe ko babu intanet. Kafin ka fita kuma, faɗa wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za a sa ran dawowarka. Wannan ba abin wasa ba ne a hanyar da awa guda kan wuce babu mai wucewa.

Giya ita ce rabin aikin

Idan akwai abu ɗaya da zan roƙi mai sabon shiga ya kashe wa hankali, to giya ce. Da yawa suna ɗauka rauninsu ne ya sa tudu ya gagare su, alhali kekensu ne bai da giyar hawa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Sarƙa tana zagaya faifan haƙora na gaba da ke jikin feda, da wani na baya da ke jikin taya. Yawanci faifan gaba biyu ne, babba da ƙarami, na baya kuwa jeri ne daga ƙarami zuwa babba. Tayar keken tsere tana cin kusan mita 2.1 a kowane juyi. Idan ƙaramin faifan gaba yana da haƙori 34, babban na baya ma 34, to duk juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne. Kana juya ƙafa sau 70 a minti, kana tafiyar kusan kilomita 9 a awa, gwiwa ba ta wahala. Amma tsohon tsarin 'yan tsere mai haƙori 39 a gaba da 25 a baya yana cin kusan mita 3.3 a juyi ɗaya. A wannan gudun na kilomita 9, ƙafarka za ta riƙa juyawa ƙasa da sau 50 a minti, kana danna feda da dukkan nauyinka. Tudu ɗaya, mutum ɗaya, amma wahalar ba ɗaya ba ce. Don haka ƙirga haƙoran kekenka. Faifan gaba mai 50 da 34, tare da na baya da ya kai 32 ko 34, shi ne tsarin da ya fi dacewa da yawancin mutane a ƙasa mai tudu. Kafin ka sa babban faifai a baya, bari mai gyara ya duba ko na'urar canza giyar za ta ɗauke shi, don ba kowace ke ɗauka ba.

Nauyin keke kuwa, kada ya dame ka sosai. Dokar hukumar tseren keke ta duniya ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, kuma mutane na kashe dukiya don su kusanci wannan lamba. Amma tudu yana auna kai da keken da ruwanka gaba ɗaya. Rage kilo ɗaya daga jimillar kilo 85 bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Taya mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi ta 23 ko 25 daɗi a kwaltar karkara mai faci-faci da tsakuwa, in dai jikin keken zai ɗauke ta. Kada ka cika mata iska har ta yi tauri kamar dutse, don tayar da ta yi tauri da yawa tsalle take yi, ba ta kama ƙasa a kwana. Iyakar iskar da za ta ɗauka tana rubuce a gefenta. Tsaya ƙasa da wannan, mai nauyi ya ƙara kaɗan, marar nauyi ya rage. Daidaita sirdi kuma: zauna, ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a doguwar hawa.

Da safe kafin fita, matse birkin gaba ka tura keken, sannan na baya. Duba ko robar birki ta cinye. Juya kowace taya ka nemi ƙaya ko gilashi ko tsagewa. Tabbatar tayoyin sun ɗauru tamau. Sa wa sarƙa mai, ka goge wanda ya yi yawa. Ka kuma san wane hannu ne ke riƙe birkin gaba: a Ingila yawanci hannun dama ne, a Amurka da mafi yawan Turai hagu ne. Wanda ya ari keke ko ya yi haya, wannan shi ne abin farko da zai gwada.

Abin da za ka ɗauka

Tif biyu, famfon da ya dace da bawul ɗin tayarka, 'yan ƙarafan ciro taya, kayan faci, ƙaramin kayan kwance noti, da mahaɗin sarƙa guda. Koyi canza tif a gida tukuna, ba a bakin hanya ba. Idan ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo abin da ya huda ta kafin ka sa sabon tif, in ba haka ba zai sake hudawa nan take.

Hular kwano dole ce. Sa riga mai haske da ake hangowa daga nesa, ka kunna jar fitilar baya ko da rana ce, don ƙarƙashin itatuwa da lungun kwari duhu gare su. Ɗauki gorar ruwa biyu, ka riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20 ba sai ƙishi ya kama ka ba. A matsakaicin yanayi kusan rabin lita zuwa sama a awa, a zafi fiye da haka. Tafiyar da za ta wuce awa ɗaya da rabi tana bukatar abin ci, don man da jiki ya tara a tsoka yana ƙarewa. Ayaba ko burodi ko wani abu mai zaƙi ya isa, kaɗan-kaɗan tun daga awar farko. Wanda ya bari sai ƙafa ta mutu, jiri ya fara ɗibarsa, ya makara. Sai 'yar rigar tare iska a aljihu: zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da ka hau, kuma jikin da ya jiƙe da gumi yana saurin yin sanyi a gangara.

Yadda ake hawan tudu

Minti 15 na farko ka tafi a hankali, jiki ya ɗumama. Da ka hango tudu, rage giya tun kafin ƙafa ta yi nauyi. Giya ba ta son a canza ta ana danna feda da ƙarfi, don a nan sarƙa ke ƙara, ta zame, ko ma ta tsinke. Sassauta ƙafa na daƙiƙa guda, canza, sannan ka ci gaba. Koma kan ƙaramin faifan gaba tun a gindin tudun, ka bar na baya don ƙananan gyare-gyare. Guji haɗa babban gaba da babban baya, ko ƙarami da ƙarami, saboda sarƙar tana karkacewa.

Babban sirrin shi ne fara tudu da gudun da kake jin ya yi maka kaɗan. Ma'auninsa numfashi ne: in za ka iya furta gajeriyar jimla ba tare da ka yanke ta ba, kana daidai. In kalma ɗaya ma ta gagara, ka wuce iyaka, kuma bashin da ka ci a kashi na farko na tudun za ka biya shi da riba a na ƙarshe. Ɗauki tudu mai kilomita 3 da tsananin kashi 6. Hawan mita 180 ne, kuma a gudun kilomita 9 a awa zai ci maka minti 20. Babu mai iya riƙe gudun fitar rai na minti 20. Sannu ba ta hana zuwa. Bar wanda ya wuce ka ya wuce. Sau da yawa za ka same shi a gaba yana haki.

Zauna a sirdi mafi yawan lokaci, hannuwa a saman kan keken, kafaɗu a sake, ƙirji a buɗe. Riƙe juyin ƙafa tsakanin 70 da 90 a minti in giya ta bari. Miƙewa tsaye yana da amfani a guntu mai tsanani ko don huta da baya, amma yana cin numfashi. In za ka miƙe, ƙara giya ɗaya ko biyu tukuna, ka bar keken ya ɗan yi lilo a ƙarƙashinka, in ka zauna ka mayar da giyar. A kwana mai kaifi, cikin kwanar ya fi tsaye, wajenta ya fi sauƙi, to ka bi ta inda ya fi faɗi amma a cikin hannunka. Kada ka riƙa yanka hanya hagu da dama don rage tsananin tudu a wurin da ba ka ganin abin da ke tahowa. Mai saukowa da gudu ba zai iya tsayawa ba.

In ya gagara, sauka ka tura. Babu abin kunya a ciki. Zaɓi inda ake hango ka, ba bayan kwana ba. Kuma idan ka kai ƙololuwa kada ka saki feda nan take. Ci gaba da juyawa har ka wuce kan tudun, ƙafa ta huce a cikin tafiya. A ƙasa mai ƙananan tuddai a jere, ƙarfin gangaren baya shi zai kai ka rabin tudun gaba, in ka rage giya ɗaya bayan ɗaya yadda gudun ke raguwa.

Gangara ta fi hawa haɗari

Tudu yana gajiyarwa, amma a gangara ake jin rauni. Kafin doguwar gangara, tsaya ka sa rigar iska, ka sha ruwa, don hannu ba zai bar kan keke ba sai ƙasa.

Riƙe lanƙwasar ƙasa ta kan keken. A nan yatsu suka fi kama birki, nauyinka ya fi yin ƙasa, kuma rami ba zai fizge hannunka ba. Sassauta gwiwar hannu, ɗan ja ƙugu baya. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, amma matse shi ake yi a hankali ana ƙarawa, ba fizga ba. Yi amfani da biyun tare. Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa: zafi yana taruwa, birkin roba yana iya gasa gefen wilin har tif ya fashe, birkin faifai kuma, wato wanda ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili, ƙarfinsa ya ragu. Matse sosai ka rage gudu, saki ya huce, sake matsewa. In ruwan sama ya jiƙa hanya, birkin roba yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama, don haka fara tun da nisa.

Kowace kwana tsari ɗaya ne. Gama rage gudu tun kana miƙe, kafin ka shiga. Sa fedar da ke wajen kwanar a ƙasa ka danna ta da nauyinka, ta ciki tana sama don kada ta taɓa kwalta. Kai idonka inda kake son fita, ba ramin da kake tsoro ba, don keke yana bin ido. In ka ga yashi ko tsakuwa ko jiƙaƙƙen ganye, miƙar da keken ka ratsa a tsaye, kada ka taɓa birkin gaba a kansu. In kan keken ya fara kaɗawa da kansa a babban gudu, matse ƙarfen sama na jikin keken da gwiwoyinka, sassauta riƙo, ka rage gudu sannu a hankali.

Ƙa'idar da ba na yarda a karya ita ce wannan: kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa a cikin tazarar da idonka ke gani. Hanya mai shiru tana sa mutum ya saki jiki ya ɗauka shi kaɗai ne. Direban da ke tahowa ma haka yake ɗauka, shi ya sa yake cin tsakiyar hanya a kwana. Bayan kowace kwana da ba ka ganin ƙarshenta, ƙaddara akwai tarakta ko garken dabbobi ko yaro.

Zama da sauran masu hanya

Kada ka manne da bakin kwalta, inda tsakuwa da ɓaraguzai ke taruwa. Bar kusan mita ɗaya, don a gan ka da wuri kuma ka sami wurin kaucewa. Wasu ƙasashe sun ƙayyade tazarar da direba zai ba mai keke in zai wuce shi: a Faransa mita 1 ce a cikin gari, mita 1.5 a wajen gari, Sifaniya ma mita 1.5. Amma a siririyar hanya wannan tazara ba ta samuwa koyaushe. In mota ta biyo ka a tudu ta kasa wucewa, nemi wuri mai faɗi ka raɓe, ka ɗaga wa direban hannu. Kada ka toshe kunne da waƙa, don a irin wannan hanya kunne ke fara sanar da kai mota kafin ido. Nuna hannu kafin ka juya. Kula da hantsin farko da faɗuwar rana, lokacin da hasken ke dukan idon direba har ba ya ganin abin da ke gabansa.

Dabbobi kuwa, rage gudu tun daga nesa, ka yi magana don su san mutum ne, ka ba su fili. Kare in ya biyo ka a tudu ba za ka tsere masa ba. Tsaya, sauka, sa keken tsakaninka da shi, ka yi masa tsawa, ka ja da baya a hankali. In hadari ya taso da walƙiya kana kan tsauni, sauko ƙasa ka nemi gini, kada ka fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye a fili.

In kuna tafiya cikin rukuni, ku yarda tun farko cewa kowa zai hau tudu da gudunsa, a jira juna a sama, a wurin da ba a tare hanya ba. A gangara ku bar tazara mai yawa a tsakani. Na gaba ya nuna rami da hannu, na baya ya sanar in mota ta taho.

Bayan ka dawo, ci abinci ka sha ruwa, goge sarƙa, duba tayoyi da robar birki, don gangara tana cin roba da sauri. Rubuta tsawon da ka yi da hawan da ka yi da inda ƙafa ta fara nauyi. A fita ta gaba ƙara abu ɗaya kawai, ko tsawo ko hawa, ba duka biyun ba, ka kuma bar kwana ɗaya ko biyu na hutu kafin ka sake nufar babban tudu.